Gyaran katakon bat ɗin ƙwallon tebur da ya ɓare

Ɗan'uwa, ka ce da ka ɓamɓare robar bat ɗinka sai fatar katakon ta biyo ta, kana tambaya ko zai gyaru a gida. Zai gyaru.

Nemi farin gam na kafintoci, ka tura shi ƙarƙashin ɓaren da tsinken sakace, ka shimfiɗa leda a kai, ka danne da abu mai nauyi ya kwana. Kada ka sa sufa-gulu, yana sandarar da wurin, ƙwallo ta riƙa tashi daban. Washegari ka goge da samfefa mai laushi, kana bin tsawon zaren katakon, sannan ka shafa banish kaɗan don kada ya sake ɓarewa.

Amma in tsagewar a wuyan mariƙi take, gaskiya ka haƙura ka sayi wani.