Ta Ina Zan Fara Taswirar Laifuka? Amsa ga Wani Matashin Ɗan Sanda a Katsina

Ɗana, saƙonka ya iso, na gode da gaisuwa. Ka ce DPO ɗinku ya ɗora maka aikin haɗa taswirar laifukan yankinku, ga shi babu kwamfuta a ofishin, kuma manyanka da ke kanta, wato teburin karɓar ƙara, suna ce maka wahalar banza ce, tunda duk tsohon ɗan sanda ya san inda ɓarayi suke. Kana so ka san ta ina za ka fara, kuma ko akwai abin da takarda a jikin bango za ta ƙara wa mutumin da ya daɗe yana sintiri a cikin gari.

Akwai, kuma ba kaɗan ba. Kada ka raina sanin manyan naka, amma ka gane iyakarsa. Abin da ke zama a kan mutum shi ne laifin da aka zubar da jini, ko wanda ya shafi wani babba, ko na jiya-jiyan nan. Ƙananan da ke ta maimaituwa, waya yau, babur gobe, shago jibi, waɗannan zubewa suke yi. Mai aikin safe ya san nasa, mai aikin dare ya san nasa, ba wanda ya haɗa su wuri guda. Ran da aka yi wa sajen da ya fi kowa sanin gari canjin wurin aiki zuwa Funtuwa ko Daura, da saninsa zai tafi, sabon da ya zo ya fara daga farko.

A birnin Miniyafolis na Amurka, Lawrence Sherman da abokan aikinsa sun bi kiraye-kirayen da jama'a suka yi wa 'yan sanda cikin shekara guda, suka fitar da sakamakon a 1989. Sun tarar kusan rabin kiran daga kashi 3 cikin ɗari na wuraren birnin ya fito. Daga baya David Weisburd ya duba bayanan shekara 14 na birnin Siyatil, ya ga kusan rabin laifukan a kan kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na layukan garin suke taruwa. Garuruwanmu ba irin nasu ba ne, amma duk wanda ya yi aikin nan ya ga alamar hakan da idonsa. Idan aka ce unguwa kaza ta lalace, in ka bi a hankali sai ka tarar kwana ɗaya ce, ko bayan wata tasha, ko wani kango, sauran unguwar kuwa mutanen kirki ne da suka fi ka ƙosawa da abin. Wannan kwanar ita kake nema.

Saboda haka kada ka fara da taswira. Fara da littafin kanta, inda ake rubuta ƙorafi. A nan aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Buɗe shi ka karanta, za ka ga irin wannan: an ƙwace wa wani waya a Ƙofar Ƙaura da dare. To ina za ka soka fil ɗinka a jikin taswira? Ƙofar Ƙaura suna ne na ƙofa, da shatale-tale, da unguwa mai faɗi. Dare kuma tun daga magariba har asuba dare ne. Abin da nake so ka roƙi duk mai karɓar ƙorafi ya tambaya shi ne: daidai wane wuri, kusa da wane masallaci ko gidan mai ko taransifoma, ƙarfe nawa, in bai san ƙarfe ba, kafin isha'i ne ko bayanta, su nawa ne, a ƙasa suke, ko a babur, ko a Keke Napep, da wuƙa ko hannu sake, kuma da suka gudu ina suka nufa. Tambayar nan ta ƙarshe ita aka fi mantawa, alhali ita ce ke nuna maka hanyar fitarsu. In fasa shago ne ko gida, lokaci biyu za ka rubuta, lokacin da mai shi ya kulle da lokacin da ya tarar an fasa, don bai san tsakiyar ba, kuma kada ka ƙirƙira masa.

Yawancin gidajenmu ba lamba, layuka da yawa ba suna. Wayar da ke aljihunka ta rage maka wannan wahala. Duk sanda kuka je wurin da abu ya faru, tsaya daidai gurbin, buɗe Google Maps, danna ka riƙe, lambobi biyu za su fito. A cikin birnin Katsina za ka ga na farko ya kusa 13, na biyu ya fara da 7. Kwafe su duka a gefen ƙorafin, kada ka yanke na bayan ɗigo, su ne ke bambance wannan lungu da wancan.

Ita taswirar kanta ba ta da wuya. Je shagon masu buga takardu a fitar maka da hoton yankinku daga Google Earth a babbar takarda, ka manna a kwali mai kauri. Sayi fil masu kai kala-kala. Ja na ƙwace, shuɗi na satar babur, kore na fasa shago, yadda dai ka tsara, amma ka rubuta ma'anar kowace kala a gefe kuma kada ka sauya. Kada ka zuba na shekara guda a lokaci ɗaya, takardar za ta cika ta daina magana. Ɗauki wata uku. Ƙarshen kowane wata ka ɗauki hotonta kafin ka zare tsofaffin. Kusa da ita ka zana jadawali, ranakun mako a sama, awoyi a gefe, kowane laifi ka sa masa ɗigo a gidansa. Sau da yawa jadawalin nan ya fi taswirar saurin tona asiri. Rashin kwamfuta kuma kada ya dame ka. Tun 1829 aka buga taswirar laifuka a Faransa. Jack Maple, wanda suka kafa CompStat, tsarin bin adadin laifuka da kwamfuta, tare da William Bratton a birnin Niyok a 1994, a jikin bango ya fara nasa lokacin yana ɗan sandan jiragen ƙarƙashin ƙasa. In Allah ya kawo kwamfuta, akwai manhajar QGIS kyauta, lambobin da ka tara su za ka zuba mata.

Ran da ka ga fil sun taru wuri guda, kada ka yi hanzarin kai wa DPO. Cire kaki, ka je wurin da ƙafa, a daidai lokacin da jadawali ya nuna, ka zauna wurin mai shayi ka kalla. Masana biyu, Cohen da Felson, sun ce a 1979 laifi na faruwa ne in abu uku sun haɗu: mai niyya, abin da zai ɗauka, da rashin mai sa ido. Mu dama mun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nemo tsagar. Wataƙila fitilar kan titi ce ta mutu. Wataƙila a nan fasinja ke sauka daga mota, kowa ya zaro waya zai kira gida. Wataƙila mai POS ne ke tashi ƙarfe tara da jakarsa a kafaɗa, kullum ta lungu ɗaya. Wani maganin ba kama mutum ba ne. Magana ce da mai unguwa a sa ƙwan lantarki, ko a nemo mai kango ya toshe ƙofarsa, ko a ce wa masu shaguna su riƙa rufewa tare su fita tare.

Daga nan ake shiga tsara aiki, wanda shi ne dalilin taswirar tun asali. Taswirar da ba ta canza inda motar sintiri za ta tsaya yau da dare ba, manyanka sun yi gaskiya a kanta. Motarku ɗaya ce ko biyu, man ma a ƙididdige yake, don haka dole a zaɓa. Christopher Koper ya nuna a 1995 cewa tsayuwar kamar minti 15 a wurin da laifi ya yi yawa ita ta fi barin tasiri bayan an tashi. Wucewa kawai ba ta wadatar ba, daɗewa fiye da haka kuma ba ta ƙara komai sosai. To ka ba da shawarar a zaɓi wurare uku ko huɗu, a riƙa tsayawa, a sauko daga mota a gaisa da mutane, a tashi, a dawo ba a kan lokaci ɗaya ba. In kullum ƙarfe goma kuke zuwa, ƙauraye za su riƙe muku agogo. Kafin a fara, rubuta yawan laifin wurin a makonni huɗun da suka wuce. Bayan wata ka sake ƙirgawa, ka ƙirga har da layukan da ke kewaye, don ka ga ko abin raguwa ya yi ko matsawa ya yi gaba kaɗan. Gidan da aka fasa kuma ka sa masa ido shi da maƙwabtansa a makonnin farko, ɓarawo yakan koma inda ya riga ya san ƙofa.

Duk wannan na cikin gari ne. In aka kai ka Batsari, Safana, Ɗanmusa, Jibiya, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa ko Dandume, inda ake fama da satar shanu da garkuwa da mutane, taswirar wata iri ce, kuma ita na fi so ka iya. A can wurin da aka kai hari rabin labari ne. Sauran rabin hanya ce. Zana burtali, zana mashaya, zana duk mashigin rafin da babur ke iya ƙetarawa, da hanyoyin da suka ɓulle dajin Rugu. Zana inda waya ke da sabis da inda babu. A kan kowane ƙauye rubuta minti nawa mota ke yi daga inda jami'ai suke, ka rubuta biyu, na rani da na damina, domin hanyar da kuka bi a Maris tana iya zama kogi a Agusta. Ka lura da lokacin da gero da dawa suka yi tsawon da za su ɓoye mutum a kan babur. Ka rubuta ko daren farin wata ne ko duhu. Ka sa ranakun kasuwannin yankin a jadawalinka, irin yadda duk mai aiki a ƙasar Daura ya san Lahadi ta Mai'aduwa ce, saboda ranar kasuwa kuɗi da dabbobi suna kan hanya, kuma kowa ya san lokacin komawarsu gida.

Akwai kuma wuraren da za ka sa wa alama ko da ba a taɓa yin komai a cikinsu ba. Daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka kwashi ɗalibai fiye da 300. Mai jiran sai fil sun taru ba zai ga irin wannan tana zuwa ba. Makarantar kwana, asibiti, rumbun hatsi, duk abin da ke kusa da bakin daji kuma asararsa ba ta ɗaukuwa, a ba shi tasa alamar daban, a rubuta wa za a kira da kuma ta ina taimako zai iso.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farin wuri a taswira. Ka ga gefe guda fes ba fil ko ɗaya, kada ka ce lafiya lau. Tambayi kanka ko zaman lafiya ne, ko mutanen sun gaji da kawo ƙara ne. Mutumin da aka kore wa shanu, caji ofis na da nisa, ga kuɗin mota, ga tsoron infoma ya gan shi yana shiga, sau da yawa haƙuri yake yi ya bar wa Allah. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Duk mai duba littattafan wancan lokacin ya tuna cewa wanda aka kai wa hari shi ma ba shi da hanyar kira. Don haka littafin kanta kaɗai bai isa ba. Zauna da dagatai da masu unguwanni, da arɗo, da shugabannin direbobi a tasha, da ma'aikatan asibitin da ke karɓar masu rauni, da jami'an tsaron al'umma da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar a Oktoba 2023. Abin da suka faɗa maka wanda ba a kawo ƙararsa ba ka sa shi, amma da wata alama daban, don a san ji aka yi, ba a tabbatar ba tukuna.

Ka kiyayi haɗa kamen samame da ƙorafin jama'a a kala ɗaya. In kuka kai samame wata unguwa kuka kamo matasa ashirin, ka soka fil ashirin, gobe taswira za ta ce a koma can, a sake kamowa, a sake sokawa. Kun zana inda kuka je ke nan, ba inda aka cuci mutane ba. Haka kuma taswira ta abin da ya faru ce, ba ta ƙabila ko sana'a ba. Kada hannunka ya zagaye ruga ko unguwa da jan biro don kawai su wane ne ke zaune a ciki. Zalunci ne, kuma yana rufe bakin mutanen da suka fi kowa sanin abin da kake nema.

Wata rana za a so adadin ya sauka don rahoton wata ya yi kyau, a ce maka wannan fashin rubuta shi sata, wancan kuma bar shi kawai. Ko a Niyok an samu jami'an da suka rage wa laifuka nauyi a takarda saboda matsin lambar CompStat. Ka ba da haƙuri cikin ladabi, ka rubuta abin da ya faru. Da wannan takardar za a tura abokan aikinka cikin dare, in ta yi ƙarya su za su taka.

Kada ka rataye taswirar a kanta inda mai kawo ƙara da mai zuwa beli za su gani. Ofishin DPO ne wurinta, a rufe ta da ƙyalle ko a juya ta bango. Sunan wanda ya ba ka labari kada ya hau kanta ko kusa da ita, hotonta kuma kada ya shiga WhatsApp, ko da zauren 'yan ofis ne.

Zuwa Litinin, abin da za ka kai wa DPO bai wuce takarda ɗaya ba: wurare uku da suka fi tara fil a wata ukun nan, ranaku da awoyin kowanne, abin da ka gani da idonka da ka je, da abin da kake ganin a gwada na mako huɗu. Ƙorafe-ƙorafen da ka kasa sa wa fil saboda ba a rubuta wuri ko lokaci ba, ƙirga su ka rubuta adadin a ƙasa, ka roƙe shi ya yi wa masu kanta magana a faretin safe. In ka haɗa, kawo mini na duba kafin ka shigar. Ka gaida mutanen gida.