Gulbin ƙanƙara da zaburarsa

Wata ɗaliba daga Tawa ta rubuto: "Malam, a darasin labarin ƙasa an gaya mana akwai ƙanƙarar da ke gangarowa daga duwatsu sannu-sannu, wani lokaci kuma ta ɓalle da gudu. Me Bahaushe zai ce mata? Abokaina 'dutsen ƙanƙara' suke cewa."

Ɗiyata, dutse ba ya tafiya, don haka ni "gulbin ƙanƙara" nake cewa. Ƙanƙara tsohuwar kalma ce. Kakanninmu sun san wadda ke zubowa da damina tana ragargaza hatsi tun kafin firji ya zo. Mai laushin nan da ke sauka a ƙasashen sanyi kuwa aka ce mata dusar ƙanƙara, don ta yi kama da dusa. Ita ce ke taruwa shekara da shekaru, ta danne kanta ta daskare, nauyinta ya sa ta malala cikin kwari. Abin da ke bin kwari yana malala, ai gulbi ne.

Gudun kuwa, "zabura" ta fi dacewa da shi. Doki yana tsaye, a taɓa shi da ƙaimi, ya fizga, sannan ya lafa. Kusan ɗaya cikin ɗari na gulaben ƙanƙara ne ke da wannan hali: su yi shekaru goma-goma suna jan jiki, rana ɗaya saurinsu ya ninka sau goma ko ma ɗari. Na Kutiya a tsaunukan Karakoram na Asiya ya ci kilomita 12 cikin wata uku a 1953.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, wato kome da sanadinsa. A nan ruwa da kansa ne sanadin: idan ya maƙale a ƙarƙashi ya rasa mafita, sai ƙanƙarar ta yi santsi ta sulale. Yanayi ne ke auna yawan dusar da ke tara nauyi a sama da narkewar da ke kai ruwa ƙasa. Shi ya sa masu zabura suka taru a wurare irin su Alaska, tsibiran Sibalbad na Norway da Karakoram, inda sanyin bai kai maƙura ba, ɗumin ma haka.

Kada dai ki ce wa zaburar "ambaliya", wannan sakamako ne. Gulbin ƙanƙara na Shisfa a Pakistan ya zabura a 2018, ya tare wani rafi har tafki ya taru. Da tafkin ya fashe a watan Mayu na 2022, ruwan ya tafi da gadar Hasanabad.