Da gaske Jamusanci ɗan'uwan Turanci ne?

Tambaya: Ina jin Turanci, kuma ina shirin koyon Jamusanci don neman karatu. An ce mini harsunan biyu 'yan gida ɗaya ne. Haka ne? Ban da Jamus, ina kuma ake jin sa?

Amsa: Wanda ya faɗa maka ya yi gaskiya. Tsatsonsu ɗaya, dangin harsunan Jamanik. Jamusanci da Turanci suna reshen yamma, tare da harshen Holan da Afirkans na Afirka ta Kudu. Harsunan Suwidin, Danmak da Norwe suna reshen arewa. Na gabas, wato Gotik, tuni ya mutu.

Kamannin nan yana da ƙa'ida, kuma saninta zai rage maka hadda. Sama da shekara 1,000 da suka wuce, Jamusanci ya sauya furucin wasu baƙaƙe waɗanda Turanci ya bari yadda suke. Inda Turanci ke da t, nemi ss ko z: water da Wasser, ten da zehn. Inda yake da p, nemi pf ko f: apple da Apfel, ship da Schiff. Shi kuwa th yakan koma d, kamar brother da Bruder. Sai dai a yi hattara: Gift a Jamusanci guba ce, ba kyauta ba.

A nahawu ne Turancinka zai bar ka a hanya, Hausarka ta fi amfani. Ka saba cewa rana ta fito, wata ya tsaya, to haka ma a can: die Sonne mace ce, der Mond namiji. Matsalar ita ce akwai jinsi na uku, kuma ba ya bin hankali. Yarinya das Mädchen ce, don kawai kalmar ta ƙare da chen. Kada ka taɓa haddace suna shi kaɗai. Riƙe shi da der, die ko das ɗinsa, da jam'insa. Wanda ya tsallake wannan yakan maƙale idan der ya fara komawa den, dem da des bisa aikin sunan a jimla. Sannan bayan weil (saboda) ko dass (cewa), aikatau ƙarshen jimla yake tafiya.

Batun yaɗuwa, kimanin mutum miliyan 95 ne suka tashi da shi a baki, kusan dukansu a Turai. Harshen hukuma ne a Jamus, Ostiriya, Siwizalan, Lishtenshtain, Luksambag da Beljiyam. A Afirka, Namibiya ce ta fi riƙe shi tun mulkin mallakar 1884 zuwa 1915, har yau akwai jaridar Allgemeine Zeitung a Windhoek. Kamaru da Togo ma Jamus ta mallaka, amma bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Faransanci da Turanci suka maye gurbinsa.

Don karatu, daidaitaccen Jamusanci za ka koya. Matakansa shida ne, daga A1 zuwa C2, kuma jami'ar da ke koyarwa da shi yawanci takan nemi shaidar cin jarrabawar Jamusanci ta TestDaF ko DSH, wajen matakin C1.