Fijo mai mutuwa a hanya, in ta huta ta tashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Fijo 504 a-kori-kura wadda nake ɗaukar kaya da ita zuwa kasuwar Maigatari kowace Alhamis. Wata biyu ke nan, da na yi tafiyar kilomita kamar 15 sai ta fara shaƙewa, in taka totur ta ƙi amsawa, daga nan ta mutu. In na bar ta ta huta minti 10 sai ta tashi kamar ba ita ba. An wanke kafireta sau biyu, an sauya fulogi, amma jiya i yau. Yaron motata ya ce mu ɗora jarka a kan rufi mu ja tiyo zuwa injin. Mene ne shawararku?
Daga wani direba a ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alamun da ka zayyana sun fi kama da na injin da mai ke yanke masa, kuma a ganina an ɗora wa kafireta laifin da ba nata ba, domin abin da aka kawo mata shi take rabawa. Motar da ke mutuwa bayan tafiya, ta huta ta tashi, tana nuna cewa man yana zuwa amma bai kai yawan da injin ke sha ba.

Ka fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Ranar da ta sake mutuwa, ka sauka nan take ka buɗe murfin tanki, ka kasa kunne. Idan ka ji tsotson iska, to hanyar numfashin tankin ta toshe, wanda ba abin mamaki ba ne ga motar da ke bin burji cikin ƙurar hunturu. Mai yana fita, iska ba ta shiga ta maye gurbinsa, har famfon mai ya gaza janyowa.

Idan ba ka ji komai ba, sai a cire filtar mai a zazzage ta a kan farin ƙyalle. Jan gari kamar dakakken barkono tsatsa ce daga cikin tanki. Wannan shi na fi zargi, saboda an fara harhaɗa Fijo a Kaduna tun 1975, kuma taka motar ma tsohuwa ce. Ga shi kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 direbobi da yawa suka koma shan lita biyar ko goma, tanki kullum a ƙasa, famfo yana ta kwasar laka. A zuba ɗan man a kwalba a bar shi ya kwanta: ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya taru a gindin kwalbar. Ba na cewa duk man 'yan bumburutu gurɓatacce ne, amma jarkar da ta kwana a buɗe ba ta da tabbas. In an ga tsatsa ko ruwa, sauya filta kaɗai ɓata kuɗi ne. Dole a sauke tankin a wanke shi, a busa bututun da ya taso daga gare shi, a kuma sauya duk tiyon roba da ya tsattsage, domin ta tsagar yake zuƙar iska ko da bai ɗiga ba.

Sai famfon mai, wanda a wannan mota injin ne ke motsa shi, ba lantarki ba. Bakanike ya zare tiyon da ke shiga kafireta ya sa bakin tiyon a kwalba, ya cire ƙaramar wayar da ke kai wa kwil wuta (kwil shi ne ke bai wa fulogi wuta) don kada wuta ta yi tartsatsi, kai kuma ka murza makulli. Lafiyayyen famfo yana tofo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu. In yana zuwa a sanyaye, robar cikinsa ta gaji. Ka kuma zaro sandar auna baƙin mai ka shinshina, domin idan robar ta yage fetur yana gangarawa cikin injin, sai ka ji warinsa, ka ga baƙin man ya tsinke ya ƙaru. A Ƙofar Ruwa da ke Kano ake neman sabon famfo, amma ka tafi da tsohon a hannu a gwada.

Maganar jarka kuwa, ban yarda da ita a matsayin gyara ba. Bakanike yana iya amfani da ita na ɗan lokaci a gareji don ya tabbatar cewa matsalar tana tsakanin tanki da famfo, amma fetur a kan rufi cikin ranar bazara, ga injin da zafi, ga fasinja da buhunan hatsi a baya, kasada ce da rayukan mutane. Ka kuma hana yaron naka zuƙar tiyo da baki, domin fetur in ya sarƙe mutum huhu yake yi wa illa.

Idan duk an bi waɗannan aka tarar mai yana isowa yadda ya kamata, to a koma ɓangaren wuta, a taɓa kwil lokacin da motar ta mutu. Kwil da ya tsufa shi ma yakan yanke wuta in ya ɗau zafi, ya dawo da ita in ya huce.