Ga mai jegon da ta yi tambaya kan kujerar jariri ta mota

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana, ya ba ki lafiyar shayarwa. Tun da safe na ga tambayarki, sai da na sallami yara makaranta na samu zama. Kin ce bayan suna za a kai ki wankan gida daga Kaduna zuwa Katsina, maigidanki ya sayo kujerar jariri a wurin 'yan gwanjo ba takardarta, ba ku san yadda ake ɗaura ta ba, Hajiyarsa kuma ta ce ɗanyen goyo ba shi da wurin zama sai cinyar uwarsa. Kina son sanin ko kujerar dole ce, in kuma dole ce yaya ake sa ta.

Bari in fara da abin da ya same ni. Babbar 'yata tana da wata takwas, muna dawowa daga Zariya da la'asar, ina zaune a gaba na rungume ta tana barci. Ba wani gudu muke yi ba, don muna shiga wani ƙauye ne. Sai ga yaro ya biyo tayarsa da gudu ya faɗo titi, babansu ya take birki iya ƙarfinsa. Wallahi ban san lokacin da ta bar hannuna ba. Ni ban sake ta ba, fizge ta aka yi. Goshinta ya daki dashbod, ta faɗa wajen ƙafafuna, ta ɗauke wuta na ɗan lokaci kafin ta tsala kuka. Ɗinki uku aka yi mata a saman gira, tabon yana nan har yau da take sakandare. Kuma ki lura, motarmu ba ta daki komai ba, birki ne kawai.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ta tsaya farat ɗaya, duk abin da ba a ɗaure ba a cikinta yana ci gaba da tafiya da wannan gudun, kuma ƙarfin bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar bene hawa uku ke nan. Waye ke tafiya Katsina da gudun 50? Babu hannun uwar da zai riƙe yaro a wannan halin, komai sonta da shi. Waɗansu kan ja bel ɗin mota ya zagaye su har da yaron, wannan ya fi muni, don nauyinki ne zai matse shi a jikin bel ɗin. Goyo a baya cikin mota ma haka ne, ke ce za ki danne shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara tana rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin ɗari. To amsar tambayarki ta farko, i, dole ce.

Amma abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu shi ne, mallakar kujerar daban, ɗaura ta daidai daban. Mu bayan abin nan mun sayi kujera, mun kusa shekara muna yawo da ita hankalinmu kwance. Ranar da ƙanin maigidana ya dawo daga karatu a Ingila, inda ya haifi yara biyu, ya leƙa bayan motar ya kama kujerar da hannu ɗaya ya girgiza, sai ga ta tana zamewa daga wannan gefe zuwa wancan. Ya dube ni ya ce, "Anti, ai ajiye ta kuka yi, ba ɗaura ta kuka yi ba." A tsakar gida ya cire ta ya koya mana daga farko, kuma da koyarwar nan na raini sauran ukun.

Kujerar baya za ki sa ta, jaririn yana kallon bayan mota, ya ba direba ƙeya. Dalili kuwa, kan jariri ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, ga nauyi, wuyan kuma bai yi ƙwari ba. In yana kallon gaba aka yi karo, jiki na ɗaure, kai zai yi gaba da ƙarfi, wuya ne zai sha wahalar. In yana kallon baya, kai da wuya da gadon baya duk tare za su nutse cikin kujerar. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ya fito da dabarar a shekarun 1960 bayan ya ga yadda 'yan sama jannati ke kwanciya da baya lokacin da kumbo zai tashi, kuma har yau mutanen can sukan bar yaro yana kallon baya har wajen shekara huɗu. Ƙa'idar da Turai ta fito da ita a 2013 ta ce aƙalla wata 15. Ni nawa sai da kowanne ya wuce shekara biyu na juya shi. Za a ce miki ƙafarsa ta takura. Yaro tanƙwashe ta yake yi kamar yana zaune a tabarma, ba abin da ke damunsa. Kada kuma ki yarda a sa ta a gaba, gefen direba, don jakar iskar nan da makanikai ke ce wa eyabag in ta fashe bayan kujerar za ta daka, daidai inda kan yaron yake.

Yanzu ɗaurin. Ki cusa hannunki a tsakanin mazaunin kujerar baya da majinginarta, a gefen dama ko hagu. In kin ji waɗansu ƙananan ƙarafa guda biyu a ɓoye, su ne maƙalan kujerar yara. A motocin Turai ana kiransu ISOFIX, a na Amurka LATCH, kuma tun watan Satumba na 2002 Amurka ta wajabta su a sababbin motoci, shi ya sa yawancin Camry da Corolla da Sienna da ake shigo mana da su suna da su, masu motar ne ba su sani ba. In kujerarku tana da ƙugiyoyi ko hannuwan ƙarfe, ki maƙala su har ki ji sun ce ƙas, ki danna kujerar ƙasa da ƙarfi kina jan igiyar. In ba ta da su, bel ɗin mota ma ya wadatar, ɗaya dai ake amfani da shi, ba duka biyun ba. A gefen kujerar akwai hoton hanyar da bel zai bi. A yawancin na Turai alamar shuɗiya ita ce ta mai kallon baya, ja ta mai kallon gaba. Nan ne inda muka yi kuskure shekara guda: a motar Amurka, bayan kin zura bel ɗin kin kulle, sai kin jawo shi gaba ɗaya har ƙarshensa, sannan ki sake shi a hankali. Za ki ji yana ƙar-ƙar-ƙar yana komawa, to ya kulle ke nan, ba zai sake fitowa ba. Sai maigidan ya danna kujerar ke kina tura ragowar bel ɗin ciki. Idan kun gama, ki kama kujerar daidai inda bel ya bi ki girgiza ta gefe da gefe, gaba da baya. In ta motsa fiye da inci ɗaya, a kwance a sake.

Ki duba kwanciyarta kuma, motar tana tsaye a wuri mai lebur. Sabon haihuwa ba a zaunar da shi a miƙe, rabi zaune rabi kwance ake so. Akwai layi ko wata 'yar alama a gefe da ke nuna daidai. In ta miƙe da yawa haɓarsa za ta faɗo kan ƙirji ta toshe masa numfashi, kuma ba lalle ya yi kuka ba.

Sai ɗaure shi kansa jaririn, kuma nan al'adarmu ke ba mu matsala. Mu jariri sai an sa masa riga biyu da rigar sanyi, an naɗe shi a shawul, an ƙara da bargo, musamman da hunturu. In kika ɗaure shi a kan wannan tulin kaya, igiyar kayan ta kama, shi yana ciki sakayau. Ki cire shawul da rigar sanyi mai kauri, ki bar shi da kaya marasa nauyi da hula da safa, ki ɗaure, sannan ki lulluɓa bargon a sama. Igiyoyin su fito daga ramin da ke daidai kafaɗarsa ko ƙasa kaɗan, kada su murɗe. Ki ja har sai in kika gwada tsunkular igiyar a kan kafaɗarsa da yatsu biyu ta ƙi tsunkuluwa. In akwai maƙullin ƙirji, daidai hammata yake zama, ba a kan cibiya ba. Za ki ji kamar kin matse shi da yawa, ni ma hannuna rawa yake yi a farko, amma haka ake so.

Batun gwanjo, ban ce a jefar ba, na san kuɗin sabuwa. Ki kifa ta ki nemi takardar da aka manna a ƙasa ko a baya, akwai sunan kamfani da samfuri da shekarar ƙira. Da sunan nan za ki samu littafinta a intanet. Yawancinsu wa'adin shekara 6 zuwa 10 masu ƙira ke ba su, ga ranarmu da ke gasa roba. Ki cire rigar kujerar ki duba jikin robar a haske: tsagewa, ko farin tabo kamar an tanƙwara ta, ko igiya da ta fara zare, ko maƙulli da ba ya cewa ƙas. In kin ga ɗaya daga ciki, a mayar a canzo, don wataƙila ta taɓa shiga haɗari.

A hanya, ko ta Funtuwa kuka bi ko ta Kano, tafiyar ta yi wa ɗan kwana goma tsawo a zama ɗaya. Babba ya zauna kusa da shi yana kallon fuskarsa, ku riƙa tsayawa kusan duk awa guda inda akwai jama'a, ki ciro shi ya miƙe jiki ya sha nono. Kada ki ciro shi mota na tafiya don ya yi kuka, a tsaya tukuna. In bakwaini ne, ki tambayi likita kafin tafiyar. In mota ta tsaya a rana ki rufa wa kujerar zani, ƙarfen maƙullin yana ƙona fata, kuma ko minti biyar kada a bar shi ciki shi kaɗai.

Hajiya kuwa, kada ki yi musu da ita, ƙauna ce ta sa ta faɗi haka. Tawa surukar cewa ta yi mun ɗaure mata jika kamar ɗan akuya, ajali in ya zo ko a kan gado sai ya ɗauka. Ɗanta ne ya zauna da ita, ya tuna mata hadisin mutumin da Annabi (SAW) ya ce wa ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, ya nuna mata tabon goshin yarinyar. Muka roƙe ta ta zama ita ce mai zama kusa da kujerar tana lura da numfashin jaririn, ta karɓi aikin hannu bibbiyu. Ki bar wa maigidanki maganar, ki ba ta wannan wurin zaman.

Ku ɗaura kujerar kwana biyu kafin tafiya, ku sa shi ciki ku zaga unguwa ku ga yadda kansa ke zama. In kin ɗauki hoton gefen kujerar da na takardar da ke ƙasanta kin turo min, zan duba miki hanyar bel ɗin. Allah ya kai ku lafiya, ki gaishe da su Mama.