Tambaya da Amsa: Folish ɗin inji ko na hannu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da baƙar Corolla ƙirar 2010, 'yar Kwatano. A inuwa tana ƙyalli lafiya lau, amma da rana ta take sai in ga wasu siraran zane zagaye-zagaye a bonet da ƙofofi, kamar saƙar gizo. Yaron da ke wanke min ita ya ce a kai a sa mata inji. Maƙwabcina kuma ya ce inji cin fenti yake yi, gara in sayi folish na gwangwani in goge da hannu. Maganar wa zan ɗauka? Daga mai karatu a Sabon Gari, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba, inji yana cin fenti. Abin da bai faɗa maka ba shi ne, hannu ma ci yake yi, sai dai kaɗan-kaɗan. Duk wani folish mai cire zane kankara ce. Ba ya cike ramin zanen, yana rage abin da ke gefensa ne har su zo daidai, sai ido ya daina ganinsa.

Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai riƙe ƙarfe, sai kalar, sannan wani ɓawo garai-garai a sama wanda masu fenti ke kira kiliya. In ka haɗa su gaba ɗaya, kaurinsu bai fi na takardar rubutu ɗaya ba sosai, wajen maikiron 100 zuwa 150 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), kuma kiliyar ba ta kai rabin wannan ba. Ita ce ke ba da sheƙi, ita ce kuma ke tare wa kalar zafin rana. Saƙar gizon da kake gani a jikinta take. Don haka duk lokacin da aka sa wa mota folish, daga wannan 'yar ajiyar ake ɗiba, kuma abin da aka ɗiba ba ya dawowa sai an sake feshi.

Kafin ka kashe ko sisi, wanke motar ta bushe, ka ja farcenka a kan zanen. Wanda farce ya maƙale a cikinsa ya yi zurfi, ka bar shi, aikin mai fenti ne. Wanda farce ya wuce sumul shi ne folish ke iya ɗauka.

Irin naka da ya mamaye bonet da ƙofofi, a kan baƙar mota, gaskiya aikin inji ne. Na sha ganin mutum ya wuni yana dirzar mota da tsumma, kafaɗa ta yi tsami, da yamma ta yi kyau, bayan wanki biyu ko uku zanen ya dawo. Dalili kuwa, yawancin abin da ke cikin gwangwanin nan mai ne da kaki, suna kwanciya cikin zanen su ɓoye shi na ɗan lokaci. Hannu kuma ba ya danna ko'ina daidai, inda yatsu suka fi nauyi nan ya fi gogewa.

Amma inji iri-iri ne, kuma a nan nake so ka buɗe ido. Akwai mai juyawa zalla a wuri ɗaya, wanda aka fi gani a garejin masu fenti, sau da yawa da faifan gashin tunkiya. Yana da sauri, yana cire zane mai ɗan zurfi, yana kuma tara zafi nan da nan. Akwai na biyu, mai juyawa yana karkarwa lokaci guda, wanda ba ya tsayawa a kan ɗigo ɗaya. Wannan ya fi jinkiri amma da wuya ya ƙona fenti, kuma shi nake so a ɗora wa motarka, da soso mai laushi. Sai na uku, wanda ba injin folish ba ne sam: girindar yankan ƙarfe da wasu ke ɗaura wa faifai. Injin folish na gaske, mai juyawa zalla, yana juyawa tsakanin sau 600 zuwa 3,000 a minti, ana rage shi ana ƙarawa. Ƙaramar girinda kuwa tana haura 10,000. In ka ga an ɗauko ta, karɓi makullinka ka yi musu sallama.

Lokacin da nake koyon aiki a Kano, na taɓa barin injin mai juyawa zalla ya ɗan daɗe a kan karyar ƙofar wata baƙar mota, inda ƙarfen ya lanƙwashe. Ƙiftawa da bismillah sai ga fari-fari ya leƙo, na huda kiliyar da kalar har ƙasa. Sai da aka sake fesa ƙofar gaba ɗaya, kalar kuma ba ta zo daidai da ta sauran jikin ba. Mai motar bai ɗaga murya ba, amma har yau ina tuna yadda ya tsaya yana shafa wurin. Tun daga ranar ba na kunna inji sai na liƙe gefuna da layukan jiki da salatif ɗin takarda, domin fenti a nan ya fi ko'ina siranta.

Motar Kwatano tana da wata matsalar. Ba ka san sau nawa aka sa mata inji kafin ta iso hannunka ba, ba ka kuma san wace ƙofa ko fenda aka sake fesawa ba. Ka sa ɗan folish a farin tsumma ka goga a wani lungu na kowane ɓangare. In baƙi ya biyo tsumman alhali motar a wanke take, wurin ba shi da kiliya, sai a bi shi a hankali. Ka duba rufin da bonet kuma: in sun fara yin fari-fari kamar makero, ko suna ɓarewa, kiliyar ce ta mutu, inji zai ƙarasa ta ne kawai. Mai aikin kirki zai fara da ɗan murabba'i a bonet, da folish mafi laushi, ya fito da motar rana ku duba tare kafin ya ci gaba. Kuma a inuwa ake yi, jikin motar da sanyi.

Hannu yana da wurinsa. Ramin mariƙin ƙofa inda farce ke yawan karta, kewayen tambari, gefen madubi, duk inji ba ya shiga, sai yatsa da tsumma. Shafa kakin kariya ma da hannu nake yi, duk bayan wata biyu ko uku, tunda shi ba ya kankarar komai.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne wankin. Zanen nan daga can yake fitowa. Lokacin hunturu ƙura ta kwanta a jikin mota, da safe a ɗauko busasshen tsumma a share, ai samfefa ce aka sa mata. Haka tsumman da ya wanke taya ya dawo bonet, ko bokiti ɗaya da yashi ya taru a gindinsa. Ka saya wa yaron bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, da tawul mai laushi wanda ba zai taɓa taya ba, da sabulun wankin mota maimakon garin sabulun wanki mai wanke kakin kariya. Ka ce masa ya fara kwara ruwa ƙurar ta sauka kafin hannunsa ya taɓa jikin, ya kuma fara daga rufi ya gangaro ƙasa.