Amsar Anti kan taron ɗalibai na 21 ga Maris

(An rubuta muryar ne saboda masu ƙarancin data.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Ƙanwata, na saurari muryarki. Kin ce ƙungiyarku ta ɗalibai na son yin aikin gayya don wayar da kan jama'a a kan lalurar Down, kuna tunanin buga riguna da allunan rubutu ku yi tattaki daga ƙofar makaranta, kina tambaya ta ina za ku fara. Allah ya yi muku albarka. Amma kuɗin rigunan nan, ku riƙe shi tukuna.

Uwar da ke da yaron nan ba a bakin titi za ku same ta ba. Tana cikin gida, yaron yana ƙuryar ɗaki, in baƙi sun yi sallama a ce a shiga da shi. An gaya mata ɗan ruwa ne, ko aljanu sun yi mata musaya, ko asiri aka yi mata, ko wani abu ta ci da cikinsa. Wata har aurenta ya girgiza a kan haka. To ita ce kuke nema, kuma tattaki ba zai kai ku gare ta ba.

Kafin komai, ku da kanku ku zauna ku fahimci abin, yadda kowace cikinku za ta iya bayaninsa a tsakar gida cikin minti 2. Jikin mutum yana da ƙwayoyin gado da ake kira kuromosom guda 46, bibbiyu suke tafiya. Shi wannan yaron 47 gare shi, mai lamba 21 ce ta zo sau 3. Shi ke nan. Tun daga shigar ciki abin yake faruwa, ba laifin uwa, ba laifin uba, ba a ɗaukarsa kuma. Dalilin ke nan da aka zaɓi 21 ga watan 3 a matsayin ranar lalurar Down ta duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ranar a ƙarshen 2011, ita Majalisar ta fara kiyaye ta a 2012. A lissafinta, cikin jarirai kamar 1,000 zuwa 1,100 ana samun 1. Ki ƙirga sunan da ake yi a unguwanninmu a shekara, kin ga ba abu ne na nesa ba. Za ku ji an ce ai na matan da suka manyanta ne. E, bayan shekara 35 yiwuwar tana ƙaruwa, amma yarinya 'yar 20 ma tana haifa.

Yauwa, ga inda nake so ku zuba ƙarfinku. Kusan rabin yaran nan da matsalar zuciya ake haihuwarsu. Rabi fa! Jariri yana shan nono yana haki, gumi na keto masa, ba ya ƙiba, kullum tari da ciwon ƙirji, ana ta turare da rubutu ba wanda ya ce a yi hoton zuciya. Ga kuma ji, ga gani, ga gwajin jinin maƙoƙo da ya kamata a riƙa maimaitawa duk shekara. Wani yaron ana cewa ba ya gane magana, alhali kunnen ne bai ji sosai. Jikinsu kuma yana da laushi, shi ya sa zama da tafiya ke jinkiri, kuma gashin ƙashi da wuri yana taimakawa ƙwarai. In taronku ya sa yara 5 kacal suka ga likitan zuciyar yara, wallahi kun yi aiki.

Saboda haka ku rubuta takarda zuwa sashen yara na asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ku roƙi likita ɗaya da ma'aikacin gashi ɗaya su ba ku rabin yini. Sashen ilimin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Bayero ma ku je musu. Ku dai ba likitoci ba ne, kar wata ta kalli fuskar yaro ta yanke hukunci. Naku tarawa ne, da kuɗin mota, da raka uwa har ta karɓi kati. Kuɗin rigunan can ya tafi nan.

Wurin taro, ku nemi ajin Islamiyya ko asibitin unguwa. Ku bi ta hannun mai unguwa da liman, sannan ungozoma, don ita ta san gidan da yaron yake. A yi da safe, zafin Maris ba wasa ba ne, kuma ku duba kalanda ko ranar ta faɗo cikin azumi ko hidimar salla. Iyaye maza ma a gayyace su, su ne masu ba da izinin fita da kuɗin asibiti.

Wanda zai yi magana kuma, kar ku cika wurin da jawabin manyan baƙi. Ku sami uwa ɗaya da ɗanta ya girma, yana zuwa makaranta ko yana koyon sana'a, ku ba ta kujera ta yi magana da 'yan uwanta mata. In shi yaron yana so ya yi magana, a ba shi lasifika. Ku kuma tuna wa malaman makarantu cewa akwai dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019, korar yaro daga aji saboda lalurarsa ba daidai ba ne.

Sai maganar hoto. Don Allah, don Annabi, ba a ɗaukar yaron mutane a sa a Facebook ba da yardar iyayensa ba, kuma ba a jera su ana miƙa musu leda ana ɗauka. Ku naɗa mutum ɗaya mai kula da wannan.

Ku buɗe littafi, sunan uwa da lambarta da ranar da aka ba ta a asibiti, ya zauna hannun mutum 2 kawai, kar ya shigo guruf. Kowace ɗaliba ta ɗauki gida ɗaya ta riƙa bibiya bayan taro. Takardar asibitin ku fara rubutawa a makon nan, amsa tana ɗaukar lokaci. Ki turo min ita in duba kafin ku kai. Wassalam.